Zanin Anti Celestina

Tsoron ya kama ni ne a kicin, wata Talata da hantsi, lokacin da Anti Celestina ta yi tari a hankici ta ninke shi da sauri. Na riga na ga jinin. Ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro, har sai da ita mai ciwon ta zaunar da ni.

"Raki, sassauta zanin nan. Kin tamke ciki kamar bakin buhu, ta ina iska za ta shiga?"

A gidanta nake zaune a unguwar Selly Oak ta Birmingham, a Ingila, tun ina jami'a. Na gama, aiki bai samu ba, ban kuma tashi ba. 'Yar Pankshin ce. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana shara da goge-goge a wani zauren wasanni na ƙaramar hukuma a garin Salford. Duk safiyar Laraba wani tsoho ɗan Sin, Mista Lau, yakan koya wa tsofaffi tai chi, damben nan nasu da ake yi a hankali kamar mutum yana tafiya cikin ruwa. Ita kuwa tana bayan gilashi da tsintsiya, tana kwaikwayonsu.

Wata rana ya fito ya tsaya yana kallonta. Ya ce hannuwanta sun iya, amma cikinta a kulle yake. Ta ce haka aka koya musu a gida, mace ta ɗaure zani tamau ta shanye ciki. Ya ce a wurin masu bin tafarkin Tao na ƙasarsu, jariri ne malamin numfashi, domin cikinsa ne ke tashi, ba kafaɗunsa ba, kuma ƙarfin ɗan dambe a ƙasan cibiya yake zaune. Tun daga ranar ta rage ɗaurin zaninta.

Da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu aka rufe zauren, ajin ya watse, ba ta sake ganin tsohon ba. Ta dawo Birmingham, ta ci gaba da abinta a bayan gida, tsakanin igiyar shanya da kwandunan shara. Nakan leƙa ta taga in gan ta cikin hazon safiya, hannuwanta suna tashi kamar ba ita ke ɗaga su ba, farin tururi yana fita daga bakinta, jirgin ƙasa yana wucewa can nesa. Matan cocinsu suna tsokanarta wai ta koma addinin 'yan Sin.

"Wanda ya hura wa Adamu numfashi bai ce ya riƙe shi a wuya ba," in ji ta.

Bayan tarin jinin nan, likitan unguwa ya tura mu babban asibitin Edgbaston. Sun ɗauki hoton ƙirjinta, sun ciri ɗan nama daga huhun, suka ce mu jira kwana goma.

Yau da safe na sassauta zanina na tsaya a bayanta. Muka ɗaga hannu tare. A tsakiyar juyi ta tsaya, ta dafa bango tana haki.

"Ƙarasa mini, 'yata. Kafaɗa ƙasa, ba kaya kike ɗauke da shi ba."

Na ƙarasa, cikina yana tashi yana sauka, tana ƙirga mini da yatsa. Yau kwana takwas. Sakamakon bai fito ba tukuna.