Tallan Irin Gero da Inna Ke Tambaya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Umaru, kuma na daɗe ina jinkirin wannan rubutu. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba game da mamaci, ina kuma tsoron a ce na kai maganar gida jarida. Sai da na tambayi limamin unguwarmu a Kebbe, ya ce babu laifi.

Umaru ƙaramin ma'aikaci ne a wani kamfanin talla a Kaduna. Mutanenmu sun ɗauka shi ke magana a rediyo, alhali ba aikinsa ba ne. Nasa shi ne ya duba wace tasha za a kai talla, wace rana, wane lokaci, manyansa su amince, sannan ya bi sawu ya ga ko an sa. Shi ya sa yakan kira ni ya tambaya yaushe manoma ke dawowa gona, ko masu shaguna a Tambuwal suna barin rediyo a kunne ranar kasuwa. In ban tabbata ba sai in ce ya dakata in tambayo, yana yi mini dariya.

Sau ɗaya muryarsa ta fita. Masu sayar da irin gero sun so talla da Hausar Sakkwato, aka ce ya karanta don gwaji, sai suka ce a bar tasa. Kafin a fara sawa ya tambaye ni yaushe Inna ke zama kusa da rediyo. Na ce bayan La'asar, tana tsince wake. Na gane lokacin yake so a riƙa sa tallan. Abin ya dame ni, na ce kada ya ci amanar masu kaya saboda gida. Ya ce in kwantar da hankalina, lokacin ne ma manoma ke gida.

Umaru ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta hira da shi, in ya kira waya sai ta miƙa wa wani. Duk waccan daminar, da tallan ya fara sai ta sunkuyar da kai kan faifai kamar ba ta ji. Amma batir bai taɓa ƙarewa a rediyon ba.

Da yana raye, ban san yadda zai yi da yau ba. Matasan Kebbe kowa idonsa na kan waya, talla na bin mutum har ɗaki. Ina jin da zai kira ni ya ce in duba masa ko Fulanin da ke wucewa da shanu har yanzu suna rataye da rediyo. Suna rataye.

Wayarsa ta ɓace a hatsarin da ya yi ajalinsa. Kamfanin ya tashi daga inda yake. Tashar da na je sun ce ba su ajiye tsofaffin tallace-tallace. Ba mu da muryarsa ko a ina.

Inna ba ta yi kuka gaban kowa ba ranar da aka kawo shi. Yanzu idonta ya tafi, ƙarfi ya ragu. Watan jiya ina gyara mata tabarma ta ce:

"Sani, tallan ga na iri, sun bar sa shi?"

Na ce sun bari, Inna. Ta ce to.

Ina roƙon duk wanda ya yi aiki a gidan rediyo ko kamfanin talla a wancan lokaci ya duba ajiyarsa. Tallan irin gero ne mai saurin nuna, muryar namiji, Basakkwace, yana ɗan sauri. Wanda ya samu, ko ya san mai shi, ya bar saƙo a ofishin wannan jarida. Ban gaya wa Inna ina nema ba. In an dace, zan kunna mata bayan La'asar, in ja ƙofa in fita.