Taswirar Baban Ladi

Ku da kuka san Baban Ladi, kun san bai taɓa yanke hanya ba. Ko ruwa ake tsugawa, sai ya miƙe sambal, ya kai kusurwa, ya tsaya, sannan ya juya kamar soja. Ni matarsa ina biye, yaran unguwarmu Narayi suna biye da mu suna kwaikwayo. Kunyar da na sha a kan mutumin nan, da ruwa ce da ta cika kogin Kaduna.

Asalin abin wata tsohuwar taswira ce. Yana saurayi ya yi wa safiyo jan igiyar awo, sai wani Baturen mishan da zai koma gida ya bar masa ita. Wai zanen wani ƙauye ne a Amurka, tun zamanin kakannin kakanni, lokacin da aka fara yanka daji ana raba wa baƙi. Gonaki ne reras kamar yankan sabulu, kowace da sunan mai ita, kogi guda ya ratsa su yana lanƙwasa. Bayan mun yi aure, maigida ya sauke hoton aurenmu daga bango, ya rataye ta.

Na ce, "Baban Ladi, ni fa?"

Ya ce, "Ke kullum ina ganinki. Amurka fa?"

Ranar da dangin mijin 'yarmu Ladi suka zo gaisuwa, bai bar su sun zauna ba sai da ya ja igiya ya jera kujeru. Kawun ango ya ɗan matsa inuwa. Maigida ya ce, "Malam, ka shiga gonar wani." Na shige ɗaki na rufe fuska da zane.

Babbar kunyar kuwa ita ce ta gwaiba. Ya dage wai gwaibar maƙwabcinmu Baba Gyang a filinmu take, ya naɗe taswira ya kai gaban mai unguwa. Mai unguwa ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Baba, ina Narayi a nan?"

"Babu. Na kawo ne ku ga yadda mutanen kirki suke zama."

Aka yi ta dariya, ni ina neman ƙasa ta tsage. Aka ce to a auna. Maigida da kansa ya ja igiya. Gwaiba ta fito ta Gyang ce, kuma bangon kicin ɗina ya ci filin Gyang da kamu guda.

Gyang ya ce, "Bar shi, ɗan'uwa. Tuwon da ake tuƙawa a ciki ai har da ni ake ci."

Maigida ya ce, "Layi ba ya cin tuwo."

Na roƙe shi, na yi kuka, ya ɗauko diga ya rushe kicin ɗin. Daminar nan kaf a fili na yi girki ƙarƙashin laima, matan zumuntar cocinmu suna wucewa suna leƙa tukunyata: "Maman Ladi, yau ma kuka ce?" Sai da rani ya gina mini wani, ƙarami, miƙaƙƙe kamar akwati.

Da ciwo ya kwantar da shi, na nuna masa kogin nan na jikin taswira. Na ce, "Ka rushe mini kicin saboda kamu guda. Wannan karkataccen fa, me ya sa ba ka taɓa kushe shi ba?"

Ya ce, "Wannan Allah ne ya ja shi. Haka ke ma. Kin taɓa ganin na sa miki igiya?"

Taswirar tana nan a bango, ban sauke ta ba. Ubangiji ya ba shi hutu, ya yanka masa fili mai kusurwa huɗu a bakin ruwa, ya bar mini kamu guda a gefensa.