Sun Toshe wa Masallacin Kawu Hanci

Jiya na je ƙauyenmu Lamadji, na tarar da bangon gabas na tsohon masallacinmu a ƙasa. Raina ya ɓaci, marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Masallacin ƙasa ne, kakanninmu suka gina shi lokacin da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Kowace shekara kafin damina Kawu kan yaɓe shi da hannunsa. Har yanzu ina jin ƙanshin laka da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wata rana na ce, "Kawu, a sa siminti mana a huta." Ya dafa ɗanyen yaɓen, ya ce, "Ɗana, ginin ƙasa numfashi yake yi. In ka toshe masa hanci, mutuwa zai yi."

Ko shekara bai yi a kabari ba 'ya'yansa suka lulluɓe masallacin da siminti da koren fenti, wai ci gaba. Danshi ya rasa mafita, ya cinye bangon ta ciki. Yanzu suna cewa ƙaddara ce. Ƙaddarar me? Ni ma da ya gaya wa, shiru na yi musu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi gida a Aljanna, inda ba mai cewa zai gyara masa.