Ƙafar Agwagwa da Takardar Karbon

Kakata ta wajen uwa, Iya Gambo, ba ta yarda da kowa ba. Ko kaji ba ta yarda da su ba, sai ta ƙirga su da safe ta ƙirga da yamma tana hararar maƙwabta. A gidanta na Djougou na girma. Sana'arta man kaɗe, don haka wutar murhunta ba ta mutuwa da wuri. In an idar da sallar isha'i mukan kewaye tukunyar, mu jikoki, tana juya mai tana ba mu tatsuniya. Kafin ta fara sai ta leƙa ƙofar zaure, ta dawo ta ce, "To, ga ta nan tafe, wanda ya kai ta waje shi ya san inda ya samo ta."

Akwai wadda take yawan maimaitawa, ta Mikiya mai gona. Mikiya tana ɗaukar ma'aikata, kuma tana da tsohon bara, Hankaka. Duk wanda ya zo neman aiki Hankaka ne ke tarbarsa da fara'a, ya ɗebo masa gero, su zauna a inuwa. Can sai ya rage murya ya ce Mikiya fa ta tsufa, ga rowa, ga zalunci. Kurciya ce ta fara zuwa. Da ta ji haka ta ce wallahi ita ma ta lura. Washegari gashinta kaɗai aka gani a bakin gona. Zabuwa ta zo bayanta, ta ji irin maganar, ta kame bakinta ƙam. Ita ma washegari sai gashi, don Hankaka ya je ya ce an zagi uwar gida a gabanta ba ta ce uffan ba. Sai Agwagwa. Hankaka na buɗe baki ta tare shi da labarin ciwon ƙafarta, yadda ya soma, wanda ya ba ta magani, yadda maganin ya ƙi ci. Kullum haka, har Hankaka ya koma in ya hango ta sai ya canza hanya. Agwagwa ta tsufa a gonar, da ɗingishinta.

Mu dai dariya muke yi, don Iya takan tashi ta gwada tafiyar agwagwa da muciya a hannu. Na taɓa tambayarta ko da gaske ƙafar na ciwo. Ta dungure min kai ta ce, "Ƙawata, ke dai ki riƙe. Mai kwando ba ya son komawa gida da shi wayam. Ki cika masa da ƙaiƙayi."

Ban riƙe ba. Abin da ya zauna min a kai gashin Kurciya ne kawai.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na koyi buga takarda da mashin ɗin tafireta, kuma bayan dogon jira na samu aiki a wani biro, ofishin gwamnati, a Parakou. Zamanin juyin juya hali ne, jam'iyya ɗaya, kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, daga shef, shugaban biro, har mai shara. An ce min gwaji ake yi mini, sai shef ya gamsu sannan a tabbatar da ni. Iya ta riga ta rasu, mahaifiyata da ƙannena biyu sun biyo ni mun kama ɗaki a Zongo, kuma aikin nan shi ne tukunyarmu. Kowa ya san a kowane biro akwai mai kai rahoto. Wane ne, shi ne ba a sani ba.

Wadda ta tarbe ni ita ce Kamarad Saratu, babbar sakatare, mace mai faran-faran. Ta nuna min yadda shef ke son a jera wasiƙa, ta riƙa raba min wasa-wasarta, abincin garin doya, da rana. A sati na biyu ta rage murya ta ce taron siyasar da ake tara mu duk ƙarshen mako ɓata lokaci ne, shef kuma ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Na ce a raina ga Hankaka. Daga ranar na ɗinke bakina, in ta yi magana sai in sunkuyar da kai ina gyara ƙyallen tawadar mashin. Har ina yaba wa kaina wayo.

A lokacin kayan aiki sun yi ƙaranci, ba a yar da takardar karbon, wadda ake fitar da kwafi da ita, sai ta yi fari fat. Wata safiya tawa ta ƙare, na ɗauki ɗaya daga tiren Saratu. Sabuwa ce, sau ɗaya aka buga a kanta, kuma duk mai wannan aiki ya san irin wannan tana karantuwa in an ɗaga ta a haske. Na ɗaga ta a taga. Rahoto ne a kan ma'aikata, da faransanci. A layi na huɗu na ga sunana: ba ta magana, ba ta dariya, ba a san abin da ke cikinta ba, ya kamata a jinkirta tabbatar da ita.

Ashe ni ce Zabuwa. Na mayar da takardar yadda na same ta, na zauna, sai ga Iya a idona da muciyarta tana ɗingishi.

Da rana Saratu ta kawo abinci, kafin ta zauna na ce, "Yaya Saratu, kin san maganin ciwon gwiwa kuwa?" Ba abin da ke damun gwiwata. Na ba ta tarihinta tun daga Djougou. Washegari na ɗora da tsadar doya, da yoyon rufin ɗakinmu, da taurin kan ƙanena. A taro kuwa na fi kowa tafi. Ba a jima ba Saratu ta soma cin abincinta a wani teburi, kuma kafin damina ta wuce shef ya sa hannu a takardar tabbatar da ni.

Na ji daɗi, amma ban ji daɗin kaina ba. Shekaru na yi a biron nan ba wanda ya san ni, sai gwiwata.

Bayan mulkin ya wuce da daɗewa na haɗu da Saratu a wani taron suna a unguwar Banikanni, ta tsufa. Ta ja ni gefe ta ce dole aka yi mata, duk sati sai ta cika shafi guda, in ba haka ba ita za a rubuta. Ta ce shiruna ya fi komai wahalar da ita, amma da na soma surutu ta samu abin cika shafi ba tare da ta cuci kowa ba. Har hawaye ta yi. Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Iya ba ta taɓa gaya mana abin da Mikiya ke yi wa Hankaka in ya dawo ba labari ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni yara, ina suke, wane aiki suke yi, me babbar 'yata take cewa game da sabuwar gwamnati. Na dube ta, tsohuwa mai rawar hannu wadda ba ta da sauran wanda za ta kai wa rahoto.

Na ce, "Yaya Saratu, bari kawai. Gwiwar nan ce har yanzu."