Sirrin Suɗaɗɗiyar Taya

Ni mai faci ne a bakin tashar Nguru, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na son a koya mini taya. Koya mini karatu, koya mini noma, zan zauna in saurara. Amma taya? Haba!

A tsakiyar shekarun casa'in wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin Haɗejia, ya sa satalayit a gidansa. Motocin haya shida gare shi, kuma duk a wurina ake musu faci. Ranar Lahadi bayan azahar yakan sa a fito da talabijin zaure, a tayar da janareta, mu 'yan tasha mu cika wurin maƙil. A nan muka fara ganin tseren motocin Turawa, wasu abubuwa marasa rufi, ba kujerar fasinja, mutum ɗaya tal a kishingiɗe ciki kamar a kwalekwale. Mai bayanin kuwa da wani yare yake yi, ko mai Turancin cikinmu bai ji ba. Don haka bayanin ya dawo hannunmu.

Akwai wata shuɗiya da kusan kullum ita ke zuwa ta ɗaya, kowa da abin da ya gano game da ita. Wani bakanike Babarbare ya rantse man jirgin sama ake ɗura mata a ɓoye. Mai gyaran rediyo ya ce fiffiken bayanta ya fi na sauran faɗi da ɗan yatsa biyu, har yana awo a jikin gilashin talabijin. Wani tsoho ya ce wataƙila direban ne ya iya tuƙi, aka yi masa ca.

Na bar su sai da suka gaji, sannan na miƙe.

"Duk kun makance ne? Ku dubi tayar! Sumul take, ko zane ɗaya babu. Zane shi ke cizon kwalta yana riƙe mota. Turawa sun sani sarai, shi ya sa suke sayar mana da mai zane, su riƙe suɗaɗɗiyar. Ita shuɗiyar nan ba ta saurin canja taya, tata ta fi ta kowa suɗewa, ke nan."

Zaure ya yi tsit. Wallahi daɗin da na ji ran nan, ko ranar sunan ɗana na fari ban ji irinsa ba.

Cikin masu sauraro akwai abokina, Babade ne ɗan garin Dagona, direban ɗaya daga motocin Alhaji. Shekara tara yana karen mota kafin a miƙa masa makulli, kuma bai cika wata huɗu da karɓa ba. Da makullin nan yake ci da mahaifiyarsa da ƙannensa. Matsalarsa ɗaya: direban da ke tashi bayansa kullum sai ya wuce shi kafin Gashua, yana ɗaga masa hannu. 'Yan tasha suka sa masa suna kunkuru, abin yana ci masa rai.

Litinin da safe sai ga shi a rumfata. Farkon damina ne, Alhaji ya aiko masa da sababbin tayoyi huɗu daga Kano, zanensu zai ɗauki ɗan yatsa.

"Mutumina, maganar jiya da gaske kake?"

"Ni za ka tambaya ko da gaske nake a kan taya?"

"To cire waɗannan."

Da mai hankali ne ni, da na kore shi. Ina! Na shiga tulin tsofaffin tayoyina ina shafa su ɗaya bayan ɗaya, na zaɓo huɗu da suka fi santsi. Ɗaya ma har waya ta fara leƙowa, na ce masa wannan ita ce uwarsu. Ko sisi ban karɓa ba, don a ganina aikin ilimi muke yi. Ya yi lodin fasinja bakwai da kwandunan bandar kifin Alhaji, ya tashi.

Sauran labarin fasinjoji suka kawo mana. Wai har kusa da Jajimaji mota na tafiya lafiya, yana ta cewa su ji yadda take sulɓi. Sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Ya hango abokin hamayyarsa a madubi, ya taka totur. Can wata akuya ta ɓullo, ya taɓa birki, mota ta juya sau biyu a tsakiyar titi, ta tsaya hancinta na kallon Nguru. Wani Bafulatani a gidan gaba ya tambaye shi ko mantuwa ya yi a gida. Kafin ya amsa, ta sulale da baya ta zauna cikin kududdufi. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo sai shi direban, shi ma wata tsohuwa ce ta bi shi da takalmi. Bandar Alhaji dai ta koma ruwa.

Da la'asar aka jawo motar tasha. Alhaji ya zo, ya durƙusa, ya shafa taya, ya ɗago.

"Ina tayoyina? Sayarwa ka yi?"

Nan da nan na gangaro da sababbin daga rumfa, don kar a ce ɓarawo ne. Alhaji ya dube su, ya dubi na jikin motar.

"Wa ya ba ka wannan shawarar?"

Rabin mutanen da ke tsaye a wurin suna cikin zauren ranar da na yi wa'azina. Motoci shida nake gani suna barin rumfata.

"Ni ne, Alhaji," in ji abokina, kansa a ƙasa. "A talabijin na gani."

Alhaji ya miƙa hannu, abokina ya sa masa makulli a ciki. Ni kuwa mai bakin nan, na tsaya ina goge hannu da tsumma. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Lahadin da ta biyo baya ban so zuwa kallo ba, abokina ne ya biyo mini, ya ce mu je, yanzu ai ba shi da lodi. Muka zauna tabarma ɗaya. Ana tsakiyar tsere sai ruwa ya ɓarke can ƙasar Turawan. Motoci suka yi ta shigowa rumfunansu, har da shuɗiyar. Ma'aikata suka yi musu caa, suka fizge tayoyin sumul, suka ɗaura wasu. Mai ɗaukar hoto, Allah ya saka mini, ya matso da abin kusa. Zane ne raɗau, ya fi na tayoyin Alhaji zurfi.

Zaure ya ɗauki ihu. Bakaniken ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Abokina bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon talabijin, sannan ya matso kusa da kunnena.

"Mutumina," ya ce, "ashe su ma sun san damina."