Babani da Haƙoran Yaya Malam

Wana Babani shekara ashirin da biyu ya yi yana gasa haƙoran tangaran a ɗakin bayan wani Bature likitan haƙori a unguwar Treichville, amma a gidanmu na unguwar Biafra ba wanda ya ɗauki abin sana'a. Mai tuyar haƙora muke ce masa, shi kuwa ko a jikinsa. In ka kuskura ka tambaye shi aikinsa ka shiga uku. Zai zaunar da kai ya yi ta bayanin wuta: in ta gaza haƙori ya fito garas-garas kamar alli, in ta zarce ya narke ya rasa siffa, in ka yi garajen buɗe tanda ya tsage. Mutumin da ko shayi bai iya dafa wa kansa ba.

Babban wanmu Malam Sa'id shi ke limanci a wani ƙaramin masallaci a unguwar Adjamé Liberté. Haƙoransa na ƙasa suka zube, saura saiwa biyu. Karatu ya lalace, sin da sad duk suka koma iska, har mamu suka fara ƙus-ƙus cewa gara a miƙa wa ɗalibinsa Abduljalil limancin. Malam duk ya rame.

A rikicin da ya ɓarke a garin a 2004 Baturen ya gudu, ya bar wa Babani tanda da wasu ƙananan maganaɗisu biyu, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Su ke nan, babu inda za a samo wasu. Babani ya sa wani likita ya yi wa saiwoyin nan hular ƙarfe. Shi kuma ya yi wata biyu yana gashi, sau uku yana zubarwa don launi bai yi masa ba, sannan ya jera haƙoran a dasashin roba, ya binne maganaɗisun a ciki. Aka sa, maganaɗisun suka kama ƙarfen, haƙoran suka zauna daram. Ranar da Malam ya ja Magariba da muryarsa ta dā, ni dai kuka na yi.

Ga inda raina yake ɓaci har yau. Babani mai cika kowa da surutu, a gaban Yaya Malam ko ido ba ya iya ɗagawa. Maimakon ya faɗa ƙarara kada abin nan ya kusanci zafi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, a riƙa lallaɓa su." Wai ƙane ba ya kafa wa wansa doka.

Bayan wata huɗu haƙoran suka suɓuce wa Malam wajen alwala, suka faɗa kwata. Matarsa Zalihatu ta ce bakin da ke karanta Alƙur'ani ba zai ɗauki najasa ba. Sabulu bai gamsar da ita ba, ta zuba su a tukunya kan garwashi har ruwan ya kusa ƙonewa.

Ni da Babani muka hau gbaka, motar haya, muka je. Tangaran na nan lafiya lau, amma robar ta lanƙwashe. Babani ya ɗora allura kan maganaɗisu, ta zame ta faɗi.

"A gyara mana, Babani, ai hannunka ne," in ji Zalihatu.

Babani ya juya ga Malam ya ce, "Se fini, Yaya, ya ƙare. In zafi ya kashe maganaɗisu ba ya tashi."

Malam ya dube shi ya ce, "Yako, sannu, ƙanena. Mun ɓata maka wahala." Babani ya so a ce zaginsa aka yi.

Abduljalil ya karɓi limanci. Shekara biyar Malam ya yi yana bin ɗalibinsa salla kafin ya rasu, Babani kuwa kullum sai ya tsallako gada daga Treichville ya tsaya a bayan Malam. In liman ya kuskure aya, Malam ya buɗe baki zai gyara masa, sai ya fasa ya haɗiye. Babani yana gani.