Ranar da Dada Ta Kira Sunansa

Wata Laraba ce da hantsi, a shekarar da naira ta maye gurbin fam, na fara tsayawa gaban teku a Badagiri, ina riƙe da gefen zanen kakata Dada. Ni da babban ruwan da na sani shi ne tafkin da muke shayar da shanu a bayan Roni, sai ga ruwa ya haɗe da sama, yana ruri ba hadari. Tsoro da mamaki suka hana ni ko ƙifta ido.

Biko muka zo. Baffa Buba, yayan babana, ya rako shanu Ikko, ya ga wuri ya zauna, shekaru ba labarin dawowa. Shi ne ɗan farin Dada, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, balle ta ce ta yi kewarsa. "Wancan" take ce masa. Ta sha jirgin ƙasa tun daga Kano don ta ce ya dawo gida, amma kunya ta ɗaure mata baki.

Shi kuwa sai gatan baƙunta yake mana. Ya fasa mana kwakwa, ya sayo soyayyen kifi da teba da miya jajir da manja. Na ci har na lashe yatsu, Dada ta ga ƙaguwa ta ce ita ba ta cin gizo. Ya nuna mana sarƙoƙin bayi, na kasa ɗaga ko ɗaya, da hanyar yashin da aka bi da bayin zuwa jirgin ruwa. Dada ta daɗe tana kallon hanyar nan.

Da masunta suka fara jan taru, Baffa ya naɗe wando ya shiga taya su. Wata igiyar ruwa mai tsayin ɗaki ta taso ta rufe shi ruf. Sai na ji wata murya da ban san Dada na da ita ba: "Buba! Buba, fito!"

Ya fito yana tari. Ya durƙusa gabanta, ruwa na zuba daga gemunsa, ya ce, "Inna, ashe kin san sunana?" Ta ja mayafi ta rufe fuska. Tare da shi muka hau jirgin komawa.

Yau 'yata kan kira ɗan farinta a waya, ta ambaci sunansa har da shagwaɓa, ba na ganin laifinta. Dada dai ba ta sake faɗa ba har ta rasu, Baffa ma bai taɓa neman ƙari ba.